Jirgin La Siyota Da Jirgin Lafiya

Akwai wani ɗan guntun hoton majigi da Faransawa suka ɗauka wajen shekara 130 da suka shige, wanda tsawonsa duka bai cika minti guda ba. Bebe ne, ba magana ba kiɗa, ba kuma launi sai fari da baƙi. Duk da haka da wuya a sami makarantar da ake koyar da tarihin silima a duniyar nan wadda ba ta nuna wa ɗalibanta shi tun a makon farko. Sunansa da Faransanci yana nufin isowar jirgin ƙasa tashar La Ciotat, wani ɗan gari na bakin Bahar Rum, gabas kaɗan da birnin Marsai, wanda masu shi suke faɗin sunansa La Siyota.

Ga abin da mutum zai gani a ciki. Layin dogo ya miƙo daga can nesa ya karkato wajen hannun hagu na mai kallo. A hannun dama ga dakalin tasha, mutane sun jeru suna jira, wani ɗan dako ya wuce yana jan kurar kaya. Sai ga wani ɗan baƙin abu ya ɓullo daga ƙarshen layi, yana ta ƙara girma, har kan jirgi ya cika rabin bango ya shige ta gefe, taragu suna biye da shi suna rage gudu. Jirgi ya tsaya, aka buɗe ƙofofi. Masu sauka suka sauka, masu shiga suka yi ta leƙen taragu suna neman wuri, wata mace riƙe da hannun ƙaramar yarinya tana sauri, wani saurayi da ƙunshin kayansa ya yi turus kamar wanda ya rasa inda zai nufa. Shi ke nan, fim ya ƙare. Ba a kashe kowa ba, ba a ɗaura wa kowa aure ba, ba kuma wanda ya zagaya itace yana rera waƙa.

Waɗanda suka yi wannan aiki wasu 'yan'uwa ne biyu, wa da ƙane, Auguste da Louis, 'ya'yan wani mai ɗaukar hoto da ake kira Antoine Lumière. Sunan gidan nasu ma'anarsa haske, sai ka ce da gangan aka raɗa. Suna da masana'anta a birnin Liyon inda ake yin gilasan ɗaukar hoto, da ita kuwa suka yi arziki tun kafin maganar majigi ta taso. Ran 13 ga watan Fabrairu, 1895, suka yi rajistar wata na'ura da suka ƙera, akwatin katako mai nauyin kimanin kilo 5, wanda ake juyawa da hannu kamar keken ɗinki. Aiki uku take yi ita kaɗai. Da ita ake ɗaukar hoton, da ita ake buga kwafensa, in kuma aka sa mata fitila a baya ita ce ke haska shi a bango. Edison na Amurka ya riga su nuna hoto mai motsi, amma nasa akwati ne da mutum ɗaya ke leƙawa ta ɗan rami, kyamararsa kuma nauyi ya hana ta yawo. Ta Faransawan nan kuwa mutum guda zai saɓa ta ya shiga duniya.

Akwatin yana cin zaren fim mita 17 kurum, watau yadi 18 da 'yan kai. Cikin kowane sakan hoto 16 ne ke wucewa, saboda haka hoto wajen 800 ke nan, cikin sakan 50 sun ƙare. Dalilin gajartar finafinan farko ke nan, iyakar abin da cikin akwati zai ɗauka. Amma ƙarancin ya koya musu tsimi. Mai ɗauka ba shi da halin ɓarna, tilas ya san inda zai kafa ƙafafun kyamara da lokacin da zai soma juyi. Wanda ya ɗauki jirgin La Siyota bai fuskanci jirgi kai tsaye ba, bai kuma tsaya daura da shi ba, sai ya kafa a kusurwa, yadda na nesa da na tsakiya da na kusa duk za su shigo ido ɗaya. Masu sana'ar har gobe suna koyon wannan tsayuwa.

Ran 28 ga watan Disamba, 1895, a wani ɗakin ƙasa na gidan shan gahawa da ake kira Grand Café a Faris, aka soma nuna wa jama'a irin waɗannan hotuna a kan kuɗi, faran ɗaya kowane mutum. Mutum 33 ne suka biya a ranar farko, finafinai 10 aka nuna musu. Mutane da yawa suna zaton hoton jirgin yana cikin goman nan, alhali kuwa ba ya ciki. A farkon 1896 aka fara nuna shi, an kuma ɗauke shi fiye da sau ɗaya, har masana suna cewa wanda ya fi yawo a hannun jama'a yau na 1897 ne. Haka nan labarin da kowa ke son bayarwa, wai da 'yan kallo suka ga jirgi ya nufo su sai suka kwarma ihu suka watse suna tattake juna. Masu binciken tarihi, musamman wani Bajamushe, Martin Loiperdinger, sun tona takardun zamanin ba su sami shaidar gani da ido da ta rubuta haka ba. Mutanen da ke hawa jirgi kullum ba za su ruɗe don inuwarsa maras ƙara ta bayyana a farin ƙyalle ba. Mai karatu ya riƙe wannan labari, domin zai gamu da ɗan'uwansa in mun iso ƙasarmu.

Abin da ya ɗauke hankalin 'yan kallon farko wani abu ne dabam. Cikin goman nan akwai wanda aka ɗauki Auguste da matarsa suna ba jaririyarsu abinci a farfajiyar gida. An shirya shi ne don a ga maigida da uwargida da 'yar lelensu. Amma abin da mutane suka fita suna zance a kai shi ne ganyayen itatuwan da ke bayansu, waɗanda iska ke kaɗawa. Sun saba ganin mutum yana motsi a dandalin wasan kwaikwayo, sai dai itacen dandali na zane ne, ba ya motsi. Ganyen nan kuwa ba wanda ya ba shi umurni, bai ma san ana ɗaukarsa ba.

Ko fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko, na ma'aikata suna fita daga masana'antar Lumière a Liyon, wanda aka soma ɗauka cikin watan Maris na 1895, haka lamarinsa yake. Iri uku ne suka rage, ana rarrabe su da keken dokin da ke fitowa ta ƙofa: a ɗaya doki guda, a ɗaya biyu, a ɗayan babu. Ka ga ke nan an maimaita. Maigida ne ya kafa akwati a ƙetaren titi, ma'aikatansa, galibinsu mata, suka fito wasu suka yi dama wasu hagu, da hanzari don a gama kafin zare ya ƙare. Hoton gaskiya ne, amma gaskiyar da mai biyan albashi ya tsara, kuma littafin jerin finafinan kamfanin bai ambaci sunan ko mace guda daga cikinsu ba. To amma wa ya damu yau da tallar gilasan hoto? Abin da ake sa wa ido shi ne dogayen rigunan matan da faffaɗan malafunansu, da yadda suke tafiya, da wani kare da ya kutso tsakaninsu, da masu kekuna suna neman hanya. Niyyar mai kyamara takan riga shi mutuwa. Abin da ya shigo ta gefe ba da izninsa ba, shi ne ke daɗewa.

To, bari mu dawo gida. A shekarar da ake wannan a Liyon, Mohamman Agwai ne ke sarautar Lafiyar Barebari, garin da Muhammadu Dunama ya kafa wajen ƙarshen ƙarni na 18. Ya yi sarauta daga 1881 zuwa 1903, kuma a zamaninsa kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka buɗe hanyar fatake zuwa Loko a bakin kogi. Mai karatu ya ƙiyasta sakan 50 na wannan kasuwa a ransa. Ayarin jakai yana shigowa, ga gishirin Keana da na Awe, ga Alago da Eggon da Migili da Gwandara da Barebari da fataken Hausa ana ta ciniki, ana ƙirga wuri a ƙasa, kowace mace da irin kitsonta da irin ɗaurin zanenta, har da abin da ba mu so a tuna, domin zamanin cinikin bayi ne. Da nawa za mu sayi wannan minti guda yau? Muna da shi a bakin tsofaffi da maroƙan fada da rahotannin Razdan, amma Bahaushe ya riga ya ce gani ya kori ji.

Ma'aikatan Lumière sun bazu da akwatunansu har Rasha da Amurka da Meziko da Japan. Ɗaya daga cikinsu, Alexandre Promio, ya ɗauki titunan Aljeriya da Tunisiya da Masar tsakanin 1896 da 1897. Ba su ƙetaro Sahara zuwa wajenmu ba. Duk da haka mutanen Afirka ta Yamma sun shiga fim tun a shekarun farko, sai dai ta wata ƙofa mai ɗaci. A 1895 wani likita Bafaranshe, Félix Regnault, ya ɗauki hoton motsin wata mace Bawolofiya tana ginin tukunya, ba a Senegal ba, a wani baje koli a tsakiyar Faris. A 1897 kuma aka kai wasu mutanen Asante, ƙasar da kakanninmu fatake ke zuwa sayen goro, birnin Liyon, aka gina musu ƙauyen ƙarya a cikin shinge, Turawa suna biyan kuɗi su shiga kallo kamar gidan namun daji. Kamfanin Lumière ya ɗauke su suna rawa, yara suna cin abinci, ana yi wa jariri wanka, ana karatu a wata 'yar makaranta. Ma'aikaciyar Liyon ko ba kome in ta fita ƙofa gidanta za ta nufa. Waɗannan kuwa in an rufe akwati suna nan cikin shinge. Wannan ma yana cikin gadon 'yan'uwan nan biyu, kuma bai kamata mai yabonsu ya tsallake shi ba.

A watan Agusta na 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, aka fara nuna hoto mai motsi a Nijeriya, a zauren Glover da ke Ikko. Sa'ad da kyamarar baƙo ta iso ƙasar Hausa sosai, ba ta ɓoye abin da take so ba. A ƙarshen 1924 ayarin motocin kamfanin Citroën ya ratsa ta Yamai da Tasawa da Damagaram, Léon Poirier yana ɗauka, aka fitar da fim ɗin a 1926. A 1925 aka ɗauki hawan daba da aka yi wa Yariman Ingila a Kano. Daga nan sai dabar Kaduna ta 1956 don Sarauniya, da ta 1959, da ta 1977. Kamfanin British Pathé ya zuba tsofaffin finafinansa wajen 85,000 a YouTube a 2014, kuma duk wanda ya shiga ya nemi Arewa zai ƙoshi da doki da lifidi da kakaki da rawani. Ba wanda ya ce kada a ɗauki sarki. Amma mai yankar wa dokin ciyawa fa? In ka gan shi, to, kuskure aka yi ya gifta.

Sa'an nan ga majigi, wanda shi ne silimar talakan Arewa na shekaru masu yawa. Wani Baturen duba-gari a Ikko, William Sellers, shi ya soma amfani da fim wajen wayar da kai tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, har a 1939 aka ɗora shi kan sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka a Landan. Motar majigi takan iso gari da la'asar, En'e ta sa a yi shela, bayan magariba a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, tafinta ya riƙe lasifika yana fassara. Tona shadda, rigakafi, noman auduga da gyaɗa, biyan haraji. Tsofaffi har yanzu suna tuna Baban Larai.

Daga cikin jami'an wannan aiki wani labari ya fito, ya yi ta yawo har ya shiga littattafai, wannan ya ce a Nijeriya aka yi, wancan ya ce a Gana. Wai an nuna wa mutanen wani ƙauye fim na tsabta, wani mutum yana zubar da ruwan da ya kwanta a gwangwanaye saboda sauro. Da aka gama aka tambaye su abin da suka gani, suka ce kaza. Turawan suka koma suka bi zaren hoto bayan hoto, ashe kuwa akwai wata kaza da ta gifta ta kusurwa cikin ƙiftawar ido. Sai aka ɗauki wannan hujja ce cewa baƙar fata bai iya kallon fim ba, dole a riƙa yi masa nasa dabam, a hankali a hankali kamar ana ba yaro kunu. Ni kuwa a nawa ganin, in har abin ya faru, mutanen ƙauyen nan ba su yi wani abu ba face abin da mutanen Faris suka yi a 1895. An nuna wa wancan jariri ya ga ganye, aka ce yana da zurfin ido. An nuna wa wannan duba-gari ya ga kaza, aka ce baƙauye ne. Alhali a cikin fim ɗin duka kazar ce kaɗai ba a koya mata abin da za ta yi ba. Kuma manomi da ya san kaza tun yana goye ba ya bukatar Bature ya nuna masa yadda ake kifar da gwangwani.

Yanzu sai jirgin Lafiya. Layin dogo na gabas ya taso daga Fatakwal saboda kwal ɗin Inugu, ya kai Inugu a 1916, ya kai Makurɗi a 1924, ya ratso ta Lafiya da Gudi har aka haɗa shi da Kafanchan da Kaduna wajen 1927. Da gumin talakawan yankin aka shimfiɗa shi, da yawansu aikin tilas suka yi. Kafin a buɗe gadar Makurɗi a 1932, jirgin fito ne ke ƙetarar da taragu a kan Binuwai. Tashar ta jawo baƙi daga kudu da arewa, ta buɗe wa doya da riɗi hanyar manyan kasuwanni, ta sauya wa garin kamanni fiye da yadda wani Di'o ya taɓa yi. Shekara da shekaru abin nan da aka ɗauka a La Siyota yana faruwa a Lafiya, ya ma fi armashi: 'yan talla suna bin tagogi da lemo da rake da dafaffen ƙwai, 'yan dako suna rige-rige, ɗalibai da akwatunan ƙarfe, amarya da 'yan rakiya, shugaban tasha da tutarsa. Ta wannan layi taragun 1966 suka wuce maƙare da mutanen Gabas masu gudun tsira, ta nan kuma taragun soja suka bi bayansu. To, yaron Lafiya da ke son ganin jirgi yana shiga tashar garinsu a zamanin kakansa, wane gida zai nufa a nuna masa? A cikin wayarsa zai ga na La Siyota kafin ya gama shan shayi.

Kuma ba za a ce masa ya je tasha ya gani da idonsa ba, domin jirgin fasinja ya daɗe da daina zama abin da mutanen Lafiya ke daidaita agogo da shi. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 aka buɗe ɓangaren Fatakwal zuwa Aba. A watan Mayu na 2021 ɗin kuwa 'yan sandan Jihar Nasarawa suka nuna wa manema labarai mutanen da suka kama da manyan motoci cike da ƙarafan dogo da aka kwance. Watau ba hoton kaɗai muke nema ba, har layin ana sayar da shi a kan kilo. Tashar La Siyota kuwa tana nan jirage suna tsayawa, tsohon gidan silimar garin ma, Eden, an gyara shi an sake buɗewa a 2013.

Kada a ce ai su Turawa ne, kome nasu ba ya lalacewa. Zaren fim na zamanin da abu ne mai cin wuta kamar albarushi, in kuma ya tsira daga wuta sai ya narke don kansa a cikin gwangwani. Galibin finafinan bebaye na duniya sun salwanta, har a Amurka. Sana'ar ma tun farko da gobara ta tashi. A watan Mayu na 1897 fitilar majigi ta tayar da wuta a wata kasuwar sadaka a Faris, fiye da mutum 120 suka halaka, mu ma a 1951 gobarar silimar El-Duniya a Kano ta ci fiye da mutum 300. Abin da ya ceci na Lumière ba wani siddabaru ba ne, aikin malamin ofis ne. Kowane fim an ba shi lamba da suna an rubuta a littafi, an ajiye uwar zaren a gida ana sayar da kwafe kurum. Kafin Louis ya rasu a 1948 ya damƙa tarin ga gidan adana finafinai na Faris. Shi ya sa daga cikin finafinai fiye da 1,400 da kamfanin ya lissafa, 'yan kaɗan ne suka ɓace, har a 2005 hukumar UNESCO ta sa su cikin kundin abubuwan tunawa na duniya.

A gwada wannan da Shehu Umar, fim ɗin da marigayi Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ba guntun sakan 50 ba ne, babban aiki ne da Hausa, kuma a lokacin ƙasa tana da kuɗin mai. Amma shekaru da yawa ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya a Balin ta ƙasar Jamus ta gyara shi, aka nuna a bikin finafinan birnin a 2018. In fim ɗin littafin Firayim Minista ya yi shekaru ba a san inda yake ba, ina ga zaren da ma'aikacin watsa labarai ya ɗauka a ƙauye? Ina ga kaset-kaset na bidiyo da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990, waɗanda fumfuna ke ci a kantuna da ɗakunan ajiya?

Yau kuwa abin ya juye. Akwatin da Promio ya sha wahalar kaiwa Masar yana cikin aljihun kowane ɗan acaɓa, ya ma fi shi kyau, ga launi ga murya, ba kuma iyakar mita 17. Na tabbata hotunan da ake ɗauka a garin Lafiya ranar Juma'a guda sun fi duk abin da kamfanin Lumière ya ɗauka tsawo. Sai dai a duba inda ake auna kyamarar: fuskar mai ita, amarya da ango, ɗan siyasa yana yanka ƙyalle, haɗarin mota, faɗan kishiyoyi. Mun gaji Turawan daba ba mu sani ba. Sa'an nan a duba inda ake ajiyewa. Abin da aka ɗora a matsayin hoton yini na WhatsApp awa 24 yake yi ya shuɗe. Waya ta cika a goge, ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya fizge a tashar mota, shi ke nan. Wanda ya tsira kuma an lulluɓe shi da kiɗa, ba kwanan wata ba sunan wuri, yadda nan da shekara 20 ba mai iya rantsuwa ko Lafiya ce ko Lokoja.

A 1995, da silima ta cika shekara 100, aka ba manyan masu shirya fim wajen 40 ainihin akwatin Lumière, aka ce kowa ya ɗauki sakan 52, gwaji uku kawai aka yarda masa. A cikinsu akwai Idrissa Ouédraogo da Gaston Kaboré na Burkina Faso da Youssef Chahine na Masar. Ban ga abin da zai hana makarantunmu masu koyar da aikin jarida, daga Jami'ar Jiha da ke Keffi zuwa na cikin garin Lafiya, su ɗora wa kowane ɗalibi irin wannan aiki kowane zango ba. Minti guda, waya a kafe ba ta rawa, ba kiɗa, ba fuskar mai ɗauka. A rubuta rana da wuri da sunan sana'a, a ba shi lamba, a ajiye kwafe a laburaren makaranta, wani a fadar Mai Martaba Sarkin Lafiya, wani a ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos. Kuɗin abin bai kai na allon hoton ɗan takara guda ba.

Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci, kuma daga shingen Liyon muka koye shi: a nemi izini. Matar da ke tace gishiri a Keana ba abin kallo ba ce, mai sana'a ce da ta gada daga uwa da kaka, tana da suna, tana kuma da ikon ta ce a'a, ko ta ce a ɗauki hannuwa da tukwane a bar fuska. In ta yarda a rubuta sunanta yadda take faɗinsa, a kuma komo a nuna mata abin da aka ɗauka. Haka masu lodin doya a Agyaragu, haka masu awon riɗi a Doma, haka mahauta da maƙera da 'yan koli a Kasuwar Alhamis.

Amma in ni za a tambaya, da tasha za a soma, ko da jirgi ba ya zuwa. Ginin yana nan, akwai kuma tsofaffin ma'aikatan reluwe masu karɓar fansho, direbobi da masu juya layi da masu yankan tikiti, waɗanda har yanzu za su faɗa maka ƙarfe nawa jirgin Fatakwal ke isowa da kuma wane tarago ne na masu doya. A kai su bakin dakali da hantsi, kowa ya tsaya inda yake tsayawa a da, ya nuna da hannu ta inda hayaƙi ke fara ɓullowa.